Samista guda a Danmak: abin da ejan-ejan ba sa gaya wa yaranmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan ku da ma'aikatanku kuna lafiya. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da naga yana ta yawo a tsakanin matasanmu musamman 'yan jami'a, wato maganar fita waje karatu. Ni a kan Danmak zan tsaya saboda can na je na yi samista guda a Jami'ar Aarhus ta hanyar musayar ɗalibai, lokacin ina digiri na biyu a fannin kiwon dabbobi. Tun da na dawo wayata ba ta huta ba, wannan yace yaya ake tafiya, wancan yace nawa ake samu a wata, wani ma babansa ne ya kira ni da kansa yace wai yanzu ƙasar da aka yi zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) ita zan sa ya tura ɗansa? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi yasa nace bari in rubuto muku kowa ya karanta.

Masu tambayar nawa ake samu su zan fara sallama. Ba a samu. Duk wanda yace maka ka kawo miliyan kaza zai fitar da kai Danmak da sunan karatu ka je ka yi aiki ka dawo da kuɗin gina gida, wallahi kuɗinka kawai yake so. Takardar izinin zama ta ɗalibi ta ƙayyade aikin da zaka yi, kusan awa 20 ne a sati, sai a watannin Yuni da Yuli da Agusta ne ake barin mutum yayi cikakken aiki, kuma wanda ya je samista ɗaya kafin ma ya samu lambar CPR ɗinsa, wato lambar shaidar zama wadda in babu ita ko asusun banki ba zaka buɗe ba, ya samu katin haraji, ya samu mai ɗaukarsa aikin wanke-wanke ko rabon jarida da asuba, jarabawa ta ƙarato. Ga tsadar rayuwa kuma. Kusan duk abin da ka saya akwai harajin kashi 25 cikin ɗari a kai. Ɗaki ɗaya a hostal ɗin ɗalibai a Aarhus zaka biya kurona, wato kuɗin ƙasar, dubu uku da wani abu zuwa huɗu a wata, a Kofanhegan babban birnin ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma kafin a ba ka makulli sai ka ajiye kuɗin jingina wanda kan kai na hayar wata uku. Kurona bakwai da rabi ne kusan yuro ɗaya, sai kowa ya buga lissafinsa da naira ya ga inda ya tsaya. Su kansu hukumar shige da ficen sai ka nuna musu kana da kuɗin da zai riƙe ka kowane wata kafin su ba ka izini, kuma ma'aunin da suke amfani da shi shi ne alawus ɗin da gwamnati ke ba ɗalibansu, sama da kurona 6,000 a wata. E, haka ne, ɗalibin Danmak ba ya biyan kuɗin makaranta kuma ana biyansa duk wata don yana karatu. Mu da muka zo daga wajen Tarayyar Turai tun 2006 aka sa mana kuɗin makaranta, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne, dubban yuro ne a shekara.

To ta ina talaka irina ya bi? Nan ne abin da nake so a gane. Idan jami'arka tana da yarjejeniyar musayar ɗalibai da wata jami'a a can, ba zaka biya kuɗin makarantar can ba ko sisi, kana nan a matsayin ɗalibin jami'arka ta gida, aro kawai aka yi da kai na 'yan watanni. Akwai kuma shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai da ke da ɓangaren da ya shafi ƙasashen da ba na Turai ba, yana biyan kuɗin jirgi da ɗan abin kashewa na wata-wata. Babu ejan a cikin wannan harka sam, jami'a ce ke miƙa sunanka ga jami'a. Matsalar ita ce yawancin ɗalibanmu ba su ma san akwai ofishin hulɗa da ƙasashen waje a makarantarsu ba, inda akwai ɗin ma sanarwar takan tsaya a tebur ɗin wasu, sai dai kaji ance wane ya tafi.

Yanzu abin da ya sa nake ganin tafiyar ta cancanci wahalarta, shi ne yadda suke karatu. Ƙasar nan fa ƙarama ce, faɗinta bai ma kai jihar Kaduna ba, mutanenta kusan miliyan 6, ko a ƙidayar 2006 Kano ta fi su yawa da tazara, amma ku duba abin da suke fitarwa: Maersk mai jiragen ruwan da kwantenoninsa suka cika Apapa, Novo Nordisk mai allurar ciwon suga, Vestas mai injinan samar da lantarki daga iska, Lego na wasan yara. Ni dai naje da tunanin zan ga manyan injina a ɗakin gwaje-gwaje, na gansu kuwa, amma abin da ya fi tsaya min a rai yadda malami da ɗalibi suke zama ne. Farfesa guda mai furfura, wanda sunansa ke kan takardun binciken da muke karantawa a gida, zai zo makaranta a kan keke da jakar goyo, kuma sunansa na yanka ɗalibai ke kira, babu sa babu furof babu ranka ya daɗe. Ni kam bakina ya kasa, har na dawo ina ɗan rusunawa in zan gaishe shi yana dariya. Ba wannan nake so mu kwaikwaya ba, girmama malami tarbiyyarmu ce kuma ina alfahari da ita. Abin da nake so mu duba shi ne yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai za ta ɗaga hannu tace ita ba ta yarda da abin da ya faɗa ba ga dalilinta, shi kuma ya tsaya ya saurara, wani lokaci yace kin fi ni gaskiya bari in sake dubawa, kuma ba za ta ga sakamakon hakan a makinta ba. A wurinmu wa ya isa? Ka gwada ka ga yadda zaka maimaita kwas ɗin nan har sai ka yi gemu.

Babu handawut. Babu sayen littafin malam kafin a ba ka makin gwaji. Tun kafin samista ta fara an saka komai a intanet, ranar kaza za a karanta kaza, ranar kaza jarabawa, kuma ranar ba ta motsi. Samista guda maki 30 ne na tsarin ECTS da duk Turai ke amfani da shi, sau da yawa kwas biyu ko uku ne kacal, ba goma sha ɗaya da muke ɗauka muna haddacewa mu zubar a takarda mu manta ba. Lakca ba ta da yawa, karatun da zaka yi kai kaɗai shi ne mai yawa, ba mai bin ka ba mai kiran suna, amma ranar da ka shigo aji baka karanta ba kai da kanka zaka ji kunya don tattaunawa ake yi ba shifta ba.

Sai jarabawar baka, wadda ita ce ta fi girgiza ni. Zaka shiga ɗaki kai kaɗai, ga malaminka ga wani mai sa ido da a kwasa-kwasai da dama daga wata jami'ar ko wata ma'aikata ake kawo shi, bai san ka ba baka san shi ba. Ka ɗauki tambaya ko ka gabatar da aikin da kuka rubuta, sai su yi ta yi maka tambayoyi na minti ashirin zuwa talatin, me yasa kace haka, in aka canza kaza me zai faru, wannan adadin daga ina ka samo shi. Daga nan ace ɗan fita waje, su tattauna, su kira ka su faɗa maka makinka nan take da dalilin da yasa ka samu hakan. Makin ma wani iri ne, 12 ne ƙololuwa, sai 10, 7, 4, sai 02 wanda shi ne ka tsallake da ƙyar, 00 da -3 kuma faɗuwa ne, wato har ƙasa da sifili ana ba mutum. Malam Edita ku duba tsarin nan da kyau. Ina satar amsa za ta shiga? Ina wanda zai rubuta maka? Ina malamin da zai riƙe makin yarinya don ta ƙi abin da yake so, alhali ga baƙo zaune yana rubuta komai? Ina maganar takardarka ta ɓace ko sakamako bai fito ba sai bayan wata shida? Na san za a ce ai ajinmu mutum ɗari biyar ne ba zai yiwu ba, na yarda a aji ɗaya da aji biyu ba zai yiwu ba, amma 'yan ajin ƙarshe da 'yan digiri na biyu fa, su nawa ne? Kuma ai mu ba baƙin wannan tsari ba ne, a zaure ɗalibi gaban malam yake zama ya biya karatu a gyara masa a take.

Aikin rukuni ma haka, ba irin namu ba da mutum ɗaya zai yi sauran su kawo kuɗin firintin a rubuta sunansu. Jami'ar Aalborg da ke arewacin ƙasar ma tun kafa ta a 1974 a kan haka aka gina ta, a ba ɗalibai matsala ta gaske su warware a rukuni. Namu rukunin an haɗa ni da 'yan ƙasar biyu da wata 'yar Jamus, kuma tunda kowa shi kaɗai zai kare aikin a gaban masu jarabawa ba wanda ya isa ya laɓe a bayan wani. In an ce ƙarfe tara to ƙarfe tara ne, minti biyar ka ƙara za a tambaye ka lafiya? Ƙarfe huɗu na yamma kuma kowa ya tattara, malamai sun tafi ɗauko yara daga gidan raino, awa 37 ne aikinsu a sati, amma aikin ana yinsa.

A fannina kuwa abin da na gani ya hana ni barci. An kai mu cibiyar binciken noma da kiwo ta Foulum kusa da garin Viborg, an kuma kai mu gonakin masu shanun madara, nan na ji tarihin da ya kamata ace duk mai maganar rikicin manoma da makiyaya ya sani. Mutanen nan a 1864 Jamusawa suka ci su da yaƙi suka ƙwace musu yanki babba, suka koma ƙaramar ƙasa ta manoma talakawa. Dama tun 1844 an fara buɗe wasu makarantun manya na karkara bisa tunanin wani malamin coci mai suna Grundtvig, inda 'ya'yan manoma ke zuwa lokacin hunturu da babu aikin gona, ba jarabawa ba satifiket, a koya musu tarihi da lissafi da yadda ake magana a taro. To irin waɗannan manoman ne a 1882 a wani ƙauye Hjedding suka haɗa kai suka kafa masana'antar madara ta gamayya ta farko, kowa ya kawo nononsa a auna a sarrafa a sayar a raba riba gwargwadon abin da ka kawo, amma a irin waɗannan ƙungiyoyi wurin zaɓe mai saniya biyu da mai saniya hamsin ƙuri'a ɗaya ɗaya aka saba ba su. Cikin 'yan shekaru abin ya bazu ɗaruruwa a faɗin ƙasar, man shanunsu ya mamaye kasuwar Ingila. Jikan waɗannan ƙungiyoyi shi ne kamfanin Arla, hedikwatarsa tana nan Aarhus, har yau manoma ne masu shi, kuma madarar Dano da mai shayin unguwarku ke zuba muku tasu ce. A 2023 ma sun buɗe gonar shanu a Damau ta ƙaramar hukumar Kubau a jihar Kaduna. Mu muna da shanu miliyoyi, matan Fulani na yawo da ƙwarya a ka nono na tsami a rana, muna sayen garin madara daga ƙasar da ba ta kai Kaduna ba. Ba shanun suka fi mu ba da farko, haɗin kai da riƙon amana da rubuta lissafi suka fara da shi, ingantaccen irin shanun daga baya ya zo. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ya zauna ya sha kofi da manomin da ke da ƙuri'a a kamfanin duniya, ba zai dawo yana tunani irin na da ba, gani ya kori ji.

Amanar nan kuma ko'ina zaka ganta har ta ba ka tsoro. A bakin titin ƙauye zaka ga tebur da dankali ko ƙwai ko zuma, ga farashi a rubuce ga akwatin kuɗi ko lambar MobilePay ta biyan kuɗi ta waya, babu kowa a wurin. Mata na barin jarirai suna barci a keken turawa a ƙofar shagon shan kofi su shiga ciki, cikin sanyin nan. Shekara da shekaru suna saman jadawalin Transparency International na ƙasashe masu ƙarancin cin hanci. Harajinsu mai nauyi ne ƙwarai amma ka je asibiti da katin lafiyarka mai ruwan ɗorawa likita ya duba ka baka biya komai ba, ni ma ɗalibin 'yan watanni an ba ni katin.

To bari in zo kan tambayar baban nan, don ba tambayar banza ba ce kuma ba zan yi masa kwana-kwana ba. Gaskiya ne jaridar Jyllands-Posten, wadda ma a Aarhus take, ita ta buga zanen nan a watan Satumba na 2005, kuma mun san abin da ya biyo baya a farkon 2006, har a Maiduguri an rasa rayuka, aka ƙaurace wa kayan Danmak a ƙasashen Musulmi, Arla ɗin nan ma ya ji a jikinsa. Gaskiya ne an yi ta ƙona Alƙur'ani a gaban ofisoshin jakadanci a 2023, sai a watan Disamba na shekarar majalisarsu ta yi dokar da ta haramta hakan, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara biyu. Gaskiya ne tun Agustan 2018 an hana rufe fuska a bainar jama'a, don haka 'yar'uwa mai niƙabi ta san da wannan tun daga gida, tara ake ci, hijabi kuwa ba a hana ba, na ga 'yan mata da yawa da shi a aji da cikin bas da kan keke. Tun 2014 kuma sun hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, wanda ya sa wasu Musulmin can naman da aka shigo da shi daga waje kawai suke ci. Dokokinsu na baƙi suna cikin mafi tsauri a Turai, kuma jam'iyyun hagu da na dama duk bakinsu kusan ɗaya ne a kai, har unguwannin da baƙi suka yi yawa akwai dokar 2018 da ta ba da damar rushe gidaje a tarwatsa mazauna. Duk wannan akwai.

Amma kuma akwai Musulmi wajen kashi biyar cikin ɗari na ƙasar, Turkawa, Larabawa, Somaliyawa, 'yan Pakistan. A Kofanhegan akwai babban masallaci mai hasumiya da Ƙatar ta ɗauki nauyinsa aka buɗe a 2014. A Aarhus in ka hau bas zuwa unguwar Gellerup akwai kasuwar Bazar Vest, naman halal, dabino, shinkafa buhu-buhu, attaruhu, kuɓewa har da doya wani lokaci, can nake cefane kuma a masallatan wajen nake Juma'a. Ba wanda ya taɓa hana ni sallah. Abin da zai gwada imanin yaro ba zagi ba ne, abu biyu ne. Na farko giya. Rayuwar ɗalibansu a kan giya take zagayawa, duk ranar Juma'a da rana kowace tsangaya tana buɗe mashayarta a cikin makaranta, da izinin makaranta, nan ake sabo nan ake ƙulla abota, in baka zuwa to sai ka nemi wata hanyar. Ba sa tilasta maka, in kace baka sha sai su miƙo maka lemo, amma kullum kai ne daban. Na biyu alade. Aladun ƙasar sun ninka mutanenta kusan sau biyu, abincin da suka zaɓa a matsayin na ƙasa ma soyayyen naman alade ne da dankali, yana cikin tsiran kanti yana cikin abin shafa burodi, alewa mai danƙo ma sai ka karanta bayanta. A hostal kicin ɗaya muke amfani da shi mu goma sha, sai na sayi tukunyata da kaskona da wuƙata na ware, na yi musu bayani sau ɗaya, shikenan ba wanda ya sake taɓawa, ranar da ake girkin haɗaka in layi ya zo kan wani har tambayata yake me zan iya ci. Ranar girkina na yi musu dafa-duka da yaji kaɗan a ganina, sai ga mutane na hawaye suna neman madara.

Sai lokutan sallah, wanda babu ejan ɗin da zai gaya maka. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin huɗu na yamma ta faɗi, yinin duka awa bakwai ne, kuma ko ta fito ɗin gajimare ya rufe ta. Azahar sha biyu da 'yan mintuna, La'asar wajen ɗaya da rabi, Magariba huɗu saura, wato salloli uku duk a cikin lokacin lakca, in baka tsara kanka ba sai ka wayi gari kana haɗa su da daddare kullum. Ni ƙaramar darduma nake sawa a jaka in nemi ajin da ba kowa. Wanda ya je samistar bazara kuma akasin haka zai gani, a watan Yuni rana na kai ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba. Duhun hunturun nan ba wasa ba ne, ba sanyin ne ya fi damuna ba don gidajensu da ɗumi, ruwan sama ne da iska da rashin rana, jiki ya mutu zuciya ta yi nauyi ba dalili, su kansu suna shan ƙwayar bitamin D suna kunna kyandir ko'ina. Ga kaɗaici. Ɗan Danmak ba mugu ba ne, ka tambaye shi hanya da Turanci zai amsa maka tsaf don kusan kowa na ji, amma ba zai gaishe ka a bas ba, maƙwabcinka na ɗaki zai wuce ka da ɗan murmushi kawai, in kana son ziyartarsa sai ya buɗe kalanda ya ba ka ranar Talata ta sati biyu masu zuwa. Abokansa tun na firamare ne kuma sun ishe shi. Bahaushen da ya saba da ina kwana ina gajiya yaya iyali, abin na ci masa rai. Wariyar launi ma akwai ta, ba ta ihu ba ce, irin ta kallo ce da kujerar kusa da kai da za ta zauna ba kowa. Don haka nake ce wa iyaye, yaron da kuka san ko a gida sai an tashe shi sallah kar ku tura shi, wanda kuma ya riƙe kansa ba abin da Danmak za ta yi masa cikin wata biyar.

Wani abin da ya ba ni mamaki, wasu tsofaffinsu sun san Najeriya fiye da yadda nake zato, amma ba Legas ko Abuja ba, Numan suke tambaya. Ashe tun 1913 wani likitan mishan ɗan ƙasar, Niels Brønnum, ya sauka a Numan, daga aikinsu ne cocin Lutheran ta LCCN da ke Adamawa ta samo asali, kuma ma'aikatansu da yawa sun zauna can sun koyi Hausa. Don haka 'yan'uwanmu Kiristocin Adamawa sun riga mu sanin hanyar.

Keke kuwa dole ne, a samu na hannu mai araha a sayar in za a dawo. A sa masa fitila gaba da baya don rashinta tarar kurona 700 ce, a koyi miƙa hannu kafin a yi kwana, kuma kar a kuskura a tsaya a kan hanyar kekuna ana kallon waya. Robar lemo da gwangwani kar a yar, akwai injin da ke karɓa a kanti ya ba ka kurona ɗaya zuwa uku kowanne.

Inda raina ya ɓaci shi ne bayan na dawo. Na kawo sakamako mai kyau da tambarin jami'a, sai aka ce ba a san yadda za a lissafa shi ba, wai mene ne 10 mene ne 7, wai babu kwas mai wannan suna a kundinmu. Takarda ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, ƙarshe sai da na sake zama wasu kwasa-kwasan da na riga na yi wanda ya fi su zurfi. Ba zan kama sunan makaranta ba don na ji irin wannan labari daga waɗanda suka je wasu ƙasashen daga wasu jami'o'in. Ga kuma kalandarmu da ba ta tsayawa wuri ɗaya, su samistarsu ƙarshen Agusta ko farkon Satumba take farawa ta ƙare a Janairu, ɗayar Fabrairu zuwa Yuni, shekara da shekaru haka, mu kuwa a 2022 kaɗai wata takwas jami'o'in gwamnati suka yi a rufe saboda yajin aiki. Wace jami'a ce za ta ƙulla musaya da wanda bai san ranar da zai koma aji ba? Musaya kuma ai ba ta tafiya ɗaya ba ce, su ma suna son turo nasu, kuma akwai masu sha'awar zuwa su ga kiwo da noman rani da cututtukan dabbobi na ƙasashe masu zafi.

Kirana ga shugabannin jami'o'inmu na Arewa, ku nemi irin waɗannan yarjejeniyoyi da kanku, ba sai ta Ingila da Amurka ba, ƙananan ƙasashen nan sun fi sauƙin magana kuma kwasa-kwasan digiri na biyu da yawa da Turanci ake koyarwa. Wanda kuka ƙulla ku manna shi a allon sanarwa kowa ya gani, a zaɓi yara da cancanta, a haɗa da mata. Majalisar jami'a ta zauna ta fitar da yadda za a juya makin ECTS zuwa namu tun kafin yaro ya tafi, a sa hannu a kan kwasa-kwasan da zai ɗauka. Gwamnatocin jihohi masu kashe biliyoyi wajen tura 'yan tsiraru digiri cikakke a waje, da kuɗin mutum ɗaya za a iya tura da yawa samista guda, kuma wannan dole ya dawo don digirinsa na nan gida.

Ɗalibai kuma mai son samistar Satumba ya fara shiri tun Janairu, yawanci a watannin Maris zuwa Mayu ake rufe karɓar sunaye, izinin zama na iya ɗaukar wata biyu kuma akwai kuɗin nema sama da kurona 2,000, ɗaki kuma ranar da aka ba ka gurbi ranar zaka nema don a Agusta 'yan ƙasar ma rasa wurin kwana suke yi. Fasfo ya kasance a hannu tun kafin nan. A tafi da yaji da kuka da daddawa a niƙe a ɗaure da kyau, kilishi kuwa a bar shi a gida don ba a shiga Turai da nama, a filin jirgi za su ƙwace.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatunku daga Malumfashi, jihar Katsina